Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar da Ta Riƙe Kwari da Kara Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da na rasa inda zan sauke shi, ni Faustina Awinpoka, tsohuwar shugabar makarantar firamare ta Kugzua, a madadin kaina da gidan mijina marigayi Asampana, nake sanar da dangi da surukai da tsofaffin ɗalibaina, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagata yana roƙon a ara masa minti ɗaya, rasuwar wayata, wadda kowa a kwarin nan ya sani da suna 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, a kan teburin Nsoh mai gyaran waya a kasuwar Bolga, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Shekarunta goma sha uku a duniya, duk a gida ɗaya ta yi su.

Na san akwai waɗanda za su ga wannan takarda su ce tsufa ya fara taɓa Madam. Su yi dariyarsu, amma su karanta.

Marigayiyar ta shigo gidan nan a aljihun mijina, a makon da na ajiye alli. Ya zaro ta ya ɗora mini a cinya, ya ce, "Ungo. Tunda sun ƙwace miki yaran mutane, ga wadda za ki riƙa yi wa tsawa." Ban taɓa yi mata tsawa ba. Ba ta taɓa ba ni dalili ba.

Ba kyakkyawa ba ce, ba kuwa zan yi ƙarya a kan gawarta ba. Gajeriya ce mai kauri, fuskarta ba ta kai akwatin ashana ba. Madannanta sun goge har lamba biyar ta ɓace, da yatsa nake gane ta. Murfin bayanta da roba muke ɗaure shi tun shekarar da ta faɗo daga kan soro. Ta taɓa nitsewa a tukunyar da nake jiƙa kalwa, na binne ta a cikin gero kwana biyu, ta tashi ta koma aiki ko tari babu. Caji ɗaya yakan kai ta daga Lahadi zuwa Lahadi. Hoto ba ta ɗauka, labarin duniya ba ruwanta da shi. Abu ɗaya ta sani: idan an kira, ta ji.

Ƙarfen sabis ɗinmu yana can bayan dutse, kan hanyar Bolga, abin da ke sauko mana kwari ragowa ce. A duk gidan nan wuri ɗaya sabis yake yarda ya tsaya, wato ƙusar da ke jikin tagar ɗakina ta yamma. Nan mijina ya rataye ta da zare, nan ta zauna. A cikin karan nan da ke tsayawa a saman fuskar waya suna nuna ƙarfin sabis, 'Yar Baƙa ɗaya take samu. Ɗaya tak, guntu. Ban taɓa ganin na biyu ba, ban kuma taɓa ganin na ɗayan ya gusa ba. Da wannan kara ɗaya aka sanar da haihuwa fiye da ashirin a unguwar nan, aka kira motar da ta ɗauki wanda maciji ya sara a gona, aka daidaita aure biyu, aka raba ɗaya da ya kamata tun tuni a raba. Mai magana sai ya tsaya daga waje ya kara kunne a taga, kamar mai furta zunubi a coci.

Tana da ladabi, ba ta faɗo wa mutum kwatsam. Kafin ta yi ƙara, rediyon da ke kan tebur yakan fara in'ina, dit-dirit, dit-dirit, dit-dirit, sai in san baƙo na tafe, in goge hannu a zani. Sannan ta girgiza a jikin ƙusa, grrr. Sannan ta buɗe murya: tiri-riri-rim, tiri-riri-rim. In yunwa ta kama ta, sau ɗaya take cewa tu-dum, a hankali, kamar mai jin kunyar roƙo.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa wannan ya zama makoki, bai tsaya a lalacewar waya ba.

Ina da ɗa, Abugre, shi ne na fari. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya bar gidan nan, kuma bakina ne ya kore shi. Ya faɗi jarrabawar shiga kwalejin malamai karo na biyu. Ranar da takardar ta zo muna da baƙi a tsakar gida, ni kuma na ce, a gabansu, na koyar da 'ya'yan kwarin nan kaf, nawa ne kaɗai aka haifa da dutse a wuya maimakon kai. An yi dariya. Shi ma ya yi murmushi. Ƙarya na yi, kuma tunda a gaban mutane na faɗa, ga shi a gaban mutane na janye, a rubuce. Washegari na tarar da ɗakinsa a share, tabarma a naɗe. Ya gangara kurmi, gonakin koko, inda samarinmu ke zuwa. Bai taɓa faɗa mini sunan garin da yake ba. Ba shi da waya, ko kuma yana da ita bai so in sani. Amma lambata tana kansa, kuma sau uku ko huɗu a shekara, ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, yakan ari wayar wani ya kira. Kowane karo da lamba daban.

Shekarun farko ba ya magana. Sai in ɗaga, in ji numfashi da kukan kajin wata ƙasa, in ce, "Abugre?" sai a kashe. Daga baya ya fara cewa, "Mma, ni ne. Ina lafiya." Shi ke nan. Ni da na shekara talatin da huɗu ina jefa wa yara tambayoyi, na koyi rufe baki in saurari numfashi. A shekara ta shida ya tambaye ni ko akuyar nan mai kunne ɗaya tana da rai. A ta bakwai mahaifinsa ya rasu, bai kira ba sai bayan wata uku da binne shi. Na gaya masa, ya yi shiru har katin mai wayar ya ƙare. A duk waɗannan shekaru 'Yar Baƙa ba ta saki kiransa ko sau ɗaya ba. Ko shirunsa ba ta taɓa yankewa ba.

Mun binne Asampana, amma ba mu rufe makokinsa ba, domin ba a yin babban makokin uba sai ɗan fari ya zo an sa masa rigar uban, an nuna masa cikin rumbunsa. Rani huɗu ina riƙe dangi da baki. Bana ƙanin mijina Mbabila ya zo ya zauna a gindin bangona, ya ce, "Matar wana, mutumin nan ya gaji da tsayuwa a bakin ƙofa, kakanni na jiransa. Kafin ruwan farko za mu yi. In ba a ga ɗanki ba, ɗana zai leƙa rumbun." Ba mugunta ba ce, Mbabila ya yi haƙuri fiye da yadda al'ada ta nema. Ni dai ban tabbata matattu na tsayuwa a bakin ƙofa ba, Asampana ko da ransa ba mai son tsayuwa ba ne. Amma na tabbata rayayyu na rufe ƙofa. Wanda wani ya leƙa rumbun ubansa a madadinsa, ko ya dawo, baƙo ne a gidan har ya mutu.

Da Abugre ya kira a watan Nuwamba, na karya dokata na gaya masa. Sannan ya ce, "Mma, bari a gama tsinkar koko. Zan kira bayan Kirsimeti in gaya miki ranar da zan taso." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun da ya tafi.

Ciwon ajalin marigayiyar ya shigo gidan nan a cikin kwali mai kyau, kuma ƙauna ce ta kawo shi. 'Yata Perpetua, wadda take aikin jinya a Tamale, ta zo Kirsimeti da sabuwar waya irin ta shafawa, faɗinta kamar allon ɗan aji ɗaya. Ta ce, "Mma, kunya kike ba mu. Ana cewa uwar nas tana yawo da waya ɗaure da roba." Na ce ba yawo nake da ita ba, a rataye take. Mbabila yana gefe da ƙwaryar burukutu, ya ce, "Karɓi mana, Madam. Ko so kike a binne ku tare, tsofaffi biyu a rami ɗaya?" Perpetua ta ɗaga sabuwar sama ta nuna mini. "Duba, 4G. Taki 2G ce, Mma, zamanin kakanni. An ƙara sabon kai a ƙarfen bayan dutse, kowa ya koma huɗu."

Na koyar da lissafi, na san huɗu ta fi biyu idan ƙwan zabi ake ƙirgawa. Na ce huɗun me, biyun me? Sai suka fashe da dariya. Na ji a jikina akwai abin da bai zauna daidai ba. Amma na tuna abin da bakina ya taɓa yi wa ɗa guda a tsakar gidan nan, na dubi fuskar ɗayar, wadda ta rungumo kwalin a cinyarta tun daga Tamale, sai na ce na gode. Sau ɗaya a rayuwata na haɗiye magana, kuma ita ce wadda ya kamata in faɗa.

Sim ɗina irin na dā ne, babba, bai shiga sabuwar ba. Muka tafi wurin Nsoh. Nsoh tsohon ɗalibina ne, ya yi aji huɗu sau biyu, yanzu magidanci ne, mutumin kirki. Ya zare sim ɗin daga cikin 'Yar Baƙa, ya ɗora wani ƙarami a kansa ya zana da biro, ya jawo almakashi. Na ce, "Nsoh, in ka yanke, zai koma gidansa na dā?" Ya ce, "Haba Madam, wa ke komawa baya? Kowa haka muke yi masa." Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ya goge gefen da abin gyaran farce, ya hure ɓarɓashin a ƙasa. 'Yar Baƙa na kwance a gefe, cikinta a buɗe, ba wanda ya dube ta.

Na sa sabuwar a cikin safa na rataye a ƙusar nan, na zauna ina lura da ita, don ban iya ganin abu ban lura ba. Ga abin da na gani a mako uku. Ba ta da zuciya ɗaya. Da safe ta nuna 4G da kara biyu, tana taƙama. Iska ta ɗan kaɗa, ta sauko 3G. Jim kaɗan ta koma wani harafi, E, wanda Nsoh ya ce shi ne 2G ɗin da aka raina, kuma nan ne kaɗai kira ke shiga. Maimakon ta zauna inda aka karɓe ta, da ta hango inuwar 4G sai ta saki abin da ke hannunta ta bi. Tsakanin saki da kamawa fuskarta fayau, ko kara babu. Na auna da agogo: wani lokaci daƙiƙa goma, wani lokaci minti biyu, a yini sau arba'in ko hamsin. Abin da na fahimta shi ne, tsohon sabis tafiyar hankali yake yi amma yana nisa, yana zagayo dutse ya sauko kwari. Sabon kuwa mai sauri ne mai gajeren numfashi, na mutanen bakin titi. Ko tana kan 4G ɗin ma, in kira ya zo sai ta sauko ƙasa a guje ta karɓa, sau da yawa kafin ta iso an tafi. Na kira Perpetua in gaya mata, maganar ta yanke sau uku kafin in kai aya. Ta ce, "Mma, sabawa ce ba ki yi ba." Na yanke shawarar ranar Litinin, ranar kasuwa, zan koma wurin Nsoh a mayar mini da abuna.

Ranar Lahadi, ana gobe Litinin ɗin, na dawo daga coci na ja kujera gindin taga. Ban ɗora tukunya ba. Rediyo a kunne, ina jiran in'inarsa. Bai yi ba. Wayar ba ta girgiza ba, ba ta yi ƙara ba. Sai da rana ta karkata ta yi ƙyal, saƙo ya shigo: wata lamba ta neme ni sau bakwai.

Na hau soro ina neman sabis, na kira lambar. Mace ta ɗaga, mai shago a wani ƙauye can cikin kurmi, ta ce sunanta Serwaa. Da guntun Turancinta da guntun yarensu da nake ji muka gane juna. Ta ce, "Eh, Mama, ɗan arewa ne, dogo, mai tabo a girar hagu. Tun tashin coci yake nan. Da jaka ya zo."

Na ce, "Jaka?"

Ta ce, "Jaka da sabon takalmi. Ya ce gida za shi, amma yana so ya ji muryar tsohuwarsa tukuna. Kowane kira sai a ce ba a samun lambar. Na ce masa sabis ne, ɗan'uwa, zauna ka sha ruwa. Ya ce a'a, wayar uwarsa ba ta taɓa rasa sabis ba, shekara goma sha ɗaya. Ya ce in dai ba ta shiga ba, to kashewa aka yi." Na ji tana korar wani mai sayayya. Sannan ta ce, "Ya ce ya gane. Ya ɗauki jakarsa ya hau motar da ta fara tsayawa. Ba ta arewa ba ce, Mama. Ban san gonarsu ba, ba ɗan garin nan ba ne."

Amincin 'Yar Baƙa ne ya zama shaida a kaina. Da ta saba yanke masa magana kamar wayoyin mutane, da ya zauna ya sha ruwan.

Washegari tun ba a gama buɗe rumfuna ba ina gaban teburin Nsoh. Na ce ya mayar. Sim ɗin ya ƙanƙance, yana iyo a gidansa na dā. Ya yanko kwali ya yi masa matashi, ya tura, ya maƙale. Ya sa ɗan ƙarfe ya ja, na ji ƙas. Haƙora biyu masu ruwan zinariya, waɗanda suke taɓa sim, sun karye a cikinta. Nsoh ya cire hularsa ya ce, "Madam, ga bayana, ki yi yadda kika saba." Na ce, "Ni na miƙo maka ita da hannuna. Mayar da hularka."

Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, zan faɗa a ko'ina. Ya nemo haƙora daga gawar wata waya ya liƙa mata da dalma. Takan farka, fuskarta ta yi haske, ta yi ta neman sabis a tsakiyar Bolga inda sabis ya cika ya batse, ba ta samu ba. Batirinta ya kumbura har ya tsinka robar. Ranar Alhamis ina tsaye a kanta ta ce tu-dum, sau ɗaya, fuskarta ta dushe.

A kan gawar muke tsaye Nsoh ya tuna cewa ana iya ɗaure sabuwar waya a 2G kaɗai, a hana ta tsalle. Shafa uku ne da yatsa. Ya ce bai taɓa yi wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa zuwa neman a mayar da shi baya. An ɗaure ta, ta daina tsalle, amma kunnenta bai kai na marigayiyar ba. Na sa Perpetua ta kira ni sau ashirin ina gindin taga, goma sha huɗu suka shigo. Na hau dutsen da ke bayan makaranta ta sake ashirin, suka shigo duka.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja ɗaya mai siririn baki, wadda ba ta shiga kowace waya a garin nan yanzu. Ta bar ƙusa a jikin taga, da rediyon da ya daina in'ina. Ta bar maƙwabta gida bakwai waɗanda suka koma hawa dutse don su gai da nasu. Ta bar lambobi talatin da tara marasa suna da na kwafe a littafi, kowace ta wani baƙo ce da ya taɓa ara wa ɗana waya. Na kira su kaf a makon nan. Goma sha ɗaya sun mutu kamar ita, sauran suka ce ya daɗe da barin wajensu, wani kuma ya ce in gai da shi in na same shi. Ta bar Perpetua, wadda ta yi kuka ya isa, kuma ba na son in ji wani ya ɗora mata laifi, ko da ido. Ta bar ni. Allah ya ba ta hutawa, ta yi aikinta ta gama.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar Lahadi mai zuwa bayan an tashi daga coci, a kan dutsen bayan makaranta. Mbabila ya ce mai ƙasa, dattijon da ke kula da al'adun kakanni, ba zai yarda a binne ƙarfe da roba a ƙasar gida ba, kuma a karon nan ban yi masa gardama ba. Za a sa ta a 'yar tukunya a rufe da kasko, a ajiye a tsagin dutse. Nsoh ya roƙi shi zai ɗauke ta, na yarda. Ba ganga, ba harbin bindiga, ba kururuwa. Ba a karɓar gudummawa, ko kaza ko gero.

Mai son ya yi mini ta'aziyya ta gaskiya, ga abin da nake so. Direbobin manyan motoci da ke gangarawa kurmi, matan da ke kai tumatir, samarin da ke komawa gonakin koko bayan hutu, duk wanda yake da ɗan'uwa a can: ku ɗauki takardar nan ku liƙa a tasha, ku karanta wa wanda bai iya karatu ba. Ku nemi Abugre ɗan Asampana na Kugzua, dogo, mai tabo a girar hagu, ba ya yawan magana. Ku ce masa ba a kashe ba. Ku ce masa wayar ce ta mutu, lambar tana nan. Ku ce masa Mbabila ya tsayar da makokin uban ranar Asabar ta biyu a watan Afrilu, kuma rumbun yana rufe, ba wanda ya leƙa.

Zaman makoki kuwa ba na kwana uku ba ne. Kowace Lahadi, daga tashin coci har rana ta faɗi, ina kan dutsen nan da sabuwar wayar a cinyata. Lahadi tara suka rage. Gwiwoyina sun ce ba za su iya ba, na ce musu ba shawararsu na nema ba. Mai zuwa gaisuwa ya same ni a can. Ya zo da abin zama da ruwan shansa, don babu inuwa a wurin. In kuwa wayar ta yi ƙara yana tsakiyar yi mini ta'aziyya, don Allah ya yi shiru.